Lambata a Takardar Baba

Litinin, 1 ga Yuli, 6:40 na yamma

Sabon aiki ya shigo. Oga Silas ya kira ni ofishinsa, ya turo mini takardar izini mai shafi huɗu, ya ce, "Nazeefa, wannan naki ne ke kaɗai. Sati biyu na ba ki."

Wani kamfanin gwajin jini ne mai rassa bakwai a Abuja da kewaye. Sun yi manhajar waya inda marasa lafiya ke duba sakamakonsu, suna so mu gwada ƙarfinta kafin ɓata-gari su gwada musu. Shekarata biyar ke nan a wannan aiki: a ba ni izini in yi kutse, in gano inda katanga ta tsage, in rubuta rahoto, su toshe. Har yau in an tambayi Baba me 'yarsa take yi a Garki, cewa yake, "Haura gidajen mutane take yi, amma masu gidan ne ke gayyatarta."

Sharuɗɗan su ne na kullum. An ba ni asusun gwaji guda uku masu sunayen ƙarya. Ba a taɓa bayanan mutum na gaske. In ido ya faɗa kan na gaske bisa kuskure, a tsaya nan take, a sanar cikin awa ashirin da huɗu. Ni ce nake karanta wa sababbin ma'aikata wannan layin in sun zo.

Awa ɗaya da rabi na yi a cunkoso kafin in iso Lugbe. Na sayi gasasshiyar masara biyu, na cinye tun a mota.

Laraba, 3 ga Yuli, 1:15 na rana

Ƙananan abubuwa uku na samu zuwa yanzu, ba wanda ya isa a buga ganga. Amma jikina yana ba ni akwai babba a ciki. Clara, wadda teburinta ke jikin nawa, ta ce in na kusa kama wani abu ƙafata rawa take yi har kofin shayinta ya riƙa motsi. Da Hausarta ta ce, "Kai Nazeefa, ka bar tebur ya huta." Shekara uku ina gyara mata kai da ke, na haƙura.

Alhamis, 4 ga Yuli, 11:20 na safe

Na same shi! Akwai wurin neman sakamako da lambar waya, kuma manhajar ba ta tambayar wanda ke nema. Da asusun gwaji na ɗaya na buɗe takardun na biyu da na uku. Ma'ana duk wanda ya san lambar wayarka zai iya karanta abin da ke cikin jininka. Mutum dubu tamanin suka ce suna da su.

Saura abu ɗaya: in ga me za ta yi in an ba ta lambar da ba ta sani ba. Tawa zan sa, tunda ban taɓa taka ƙafa wurinsu ba. Babu komai za ta ce.

Alhamis, 12:05 na rana

Ba ta ce babu komai ba.

Alhamis, 5:50 na yamma

Shafi ɗaya ne ya fito. Sunan Baba cikakke, shekara sittin da bakwai, Gwagwalada. A gurbin wanda za a kira in wani abu ya taso: Nazeefa, 'ya, da lambata.

Na san daidai inda ya kamata in rufe. A kan sunan ne. Ban rufe ba. Na karanta har ƙasa, har sa hannun likita, na dawo sama na sake. Kwanan watan 14 ga Mayu ne. Sati bakwai ke nan. A cikin sati bakwai ɗin nan sau huɗu na je gida, ya yi mini tsiya a kan tuƙina, ya sa na gyara masa rediyo.

Akwai kalma ɗaya a layi na shida. Ba zan rubuta ta a nan ba.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo na tsaya. Da na fito Clara ta dube ni ta ce ko zazzaɓi ne. Na ce eh.

Juma'a, 5 ga Yuli, 3:30 na yamma

Na kira shi bayan sun sauko daga masallaci.

"Mamana, yau da wuri? Ba a haura gidan kowa ba ne?"

"Baba, ya jikinka?"

"Jiki kuma? Lafiya sumul. Masarata ta fara gemu, ki zo ki gani kafin birai su riga ki."

Muryarsa kamar kullum. Na yi ta saurare ko zan ji wani abu a ƙarƙashinta, ban ji ba.

Awa ashirin da huɗu ta cika tun sha biyun rana. Ban sanar ba. In na sanar sai na faɗi takardar wa na buɗe, in kuwa na faɗa, abin ya zama gaskiya.

Asabar, 6 ga Yuli, 7:10 na yamma, Gwagwalada

Yau na kalle shi da idon aiki, Allah ya yafe mini. Agogonsa yana zamewa har bayan hannu, sai ya riƙa mayar da shi da yatsa. Tuwon da Umma ta zuba masa loma huɗu ya yi, ya ce ya ci gyaɗa a gona. Da zai tashi daga tabarma sai da ya dafa bango, yana dafawa yana ba ni labari don kada in lura.

A kicin Umma ta ce, "Babanku ya samu sabon aiki. Duk Talata taron 'yan fansho. Tun safe har azahar, ya dawo ya kwanta kamar wanda ya yi dako. Shekara bakwai da ajiye aiki, sai bana suka ga damar taruwa."

Na ce, "To ai gara ya riƙa fita, Umma."

Ba ta sani ba. Tana yanka kuɓewa tana dariya. Shekararsu arba'in da ɗaya tare.

Lahadi, 7 ga Yuli, 4:00 na yamma

Ban rubuta rahoto ba.

Litinin, 8 ga Yuli, 6:25 na yamma

Oga Silas ya leƙo ya ce yaya aiki. Na ce ana kai. Na wuni ina gwada abubuwan da na riga na gwada.

Matar da ke soya ƙosai a bakin layinmu ta taɓa ce mini a reshen kamfanin nan na Lugbe ake auna mata suga. Da safe na tsaya sayen ƙosai, tana zuba mini gyara, ni kuwa na san lambarta tana cikin wayata, na san ƙofar a buɗe take. Ba ni kaɗai ce mai kwamfuta a garin nan ba. Abin da na gano a kwana uku, wani ma zai gano.

Ban rubuta rahoto ba.

Talata, 9 ga Yuli, 10:40 na safe

Yau Talata. Yana can.

In sun ɗebi jini yau, sabon sakamako zai hau da yamma.

Talata, 4:55 na yamma

Na buɗe wurin neman. Na buga lambobi shida daga cikin sha ɗaya. Hannuna yana kan na bakwai aka kira sallar la'asar a masallacin Area 3, na zauna ina kallon lambobin har aka idar. Na farko kuskure ne, ko rabinsa. Wannan kuwa da na ƙarasa, ba ni da sunan da zan kira shi sai sata.

Na goge. Na rufe kwamfutar na sa ta a jaka, na ce wa Clara ta riƙe mini jakar har gobe. Ba ta tambaye ni dalili ba. Ta bi ni har mota ta cusa mini lemo biyu a hannu.

Laraba, 10 ga Yuli, 2:10 na rana

Na faɗa masa.

Na shiga da rahoton a buge, shafi tara, ina karɓar jakata wurin Clara da sassafe na rubuta shi. Oga Silas ya karanta shafin farko ya ɗaga kai yana murmushi, ya ce, "Wannan babban kifi ne." Na ce ya duba shafi na bakwai. Ya duba. Ya tashi ya rufe ƙofa.

"Takardar wa?"

"Ta babana."

Ya cire tabarau ya ajiye. Sannan ya ce, "Sannu, Nazeefa. Allah ya ba shi lafiya." Har ga Allah na fi son ya yi mini faɗa, don wannan sannun ce ta karya ni.

Ya bari na gama, ya miƙo mini ruwa, sannan ya mayar da tabaransa.

"Sau nawa kika buɗe?"

"Sau ɗaya."

"Yaushe?"

"Alhamis."

Ya ƙirga da yatsu. "Kwana shida. Buɗewar ba zan riƙe ki da ita ba, ni ma da mahaifina ne ban san me zan yi ba. Amma kwana shida kin bar mutum dubu tamanin a waje babu riga. Wannan ba zan iya share miki shi ba."

Na ce na sani.

A gabana ya kira masu kamfanin. Ya cire ni daga aikin, Clara za ta ƙarasa.

Alhamis, 11 ga Yuli, 9:15 na safe

Sun rufe wurin neman tun jiya da yamma, awa uku bayan kiran. Awa uku kacal. Sun duba tarihin shiga, babu alamar wani ya riga ni. Na yi sujada a kan dardumar ofis. Sa'a ce kawai, ba wayona ba.

Juma'a, 12 ga Yuli, 5:30 na yamma

Zama da su a ofishinsu. Malam Saleh, shugaban sashen kwamfutarsu, da wata lauya da ba ta ɗaga kai daga rubutu ba. Oga Silas ya faɗi komai yadda yake, bai rage ba, bai ƙara ba. Lauyar ta tambaya ko na kwafi wani abu. Na ce a'a. A raina na ce, sai dai a ka.

Hukuncina daga ofis: takardar gargaɗi, da wata ɗaya ba zan taɓa aikin kowa ba. Ya yi daidai.

Da muka tashi, Malam Saleh ya ce ƙa'idarsu ce su sanar da mai takarda cewa an buɗe bayanansa, da wanda ya buɗe. Yau za su tura saƙo. Na ce, "Don Allah ku ba ni zuwa Litinin." Ya dubi lauyar, ta ɗaga kafaɗa. Ya ce, "Litinin, sha biyun rana. Allah ya sa kaffara ne."

Asabar, 13 ga Yuli, 6:45 na yamma, Lugbe

Na je Gwagwalada, amma ban kwana a gida ba. Na dawo.

A gona na same shi, yana zaune a kan kututture yana ɗaure tsumma a sanda saboda tsuntsaye. Na durƙusa na faɗa masa daga farko: aikin, lambar, shafin. Na yi ta zagaye, shi kuwa bai daina ɗaurin ba.

Da na gama ya ce, "Da kika ga sunana, kin san tawa ce?"

"Na sani, Baba."

"Kika ci gaba."

"Na ci gaba."

"Shekara talatin da biyar na yi a ma'aikata, fayil ɗin mutane na bi ta hannuna. Ban taɓa buɗe wanda ba a ce in buɗe ba. Na ɗauka abin da na koya miki ke nan."

Na ce, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mana ba?"

"Wannan kuma tambaya ce ta wanda aka faɗa wa." Ya soka sandar a ƙasa. "Tashi ki tafi, hadari na haɗowa. Kada ki ce wa uwarki komai."

Bai kira ni Mamana ba. Tunda aka sa mini sunan mahaifiyarsa bai taɓa kirana da wani abu ba, ko ranar da na fasa masa gilashin mota. Yau bai kira ni da komai ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, 1:00 na rana

Na kira sau biyu. Umma ce ta ɗauka, ta ce yana barci.

Litinin, 15 ga Yuli, 12:00 na rana

Yanzu saƙon ke shiga wayarsa.

Litinin, 3:20 na yamma

Shiru. Na wanke labulaye. Na wanke firji. Na jera takalma.

Litinin, 6:35 na yamma

Ya kira.

"Saƙon mutanenki ya zo. Turancinsu ya yi yawa. Sun ce ke da kanki kika kai ƙarar kanki?"

"Eh, Baba. Amma sai da na yi kwana shida."

"Uhm." Na ji yana gyara zama. "An kore ki?"

"An dakatar da ni wata ɗaya."

"To kina da lokaci ke nan. Gobe Talata. Ƙarfe bakwai ki same ni a bakin titi, kada ki shigo gida."

Talata, 16 ga Yuli, 4:10 na yamma

Taron 'yan fansho benci ne dogo a gaban ɗakin likita, da mutane riƙe da katunansu. Duk sun san shi. Wata nas mai suna Lucy ta ce, "Baba, yau ka kawo mana baƙuwa?" Ya ce, "Direba ce."

A ƙofar likita na tsaya. Ya shiga, ya juyo ya ce, "Yanzu na ce ki shigo."

Likitan ya yi bayani a hankali, yana zane a bayan takarda. Abin bai kai inda na yi ta tsoro ba, bai kuma tsaya inda nake roƙo ba. Tun watan jiya ya so a fara magani. Baba ne ke ta ɗagawa, wai sai ya cire masara. Likitan ya dube ni ya ce, "Ko ke za ki iya da shi?"

A mota bai bari na tayar ba. Ya ce, "Kin san dalilin da na ba su lambarki? Da suka ce wa za a kira, na duba duk gidan. Uwarki hawan jini. Ɗan'uwanki Farouk yana Legas, kuma shi kuka zai fara yi. Na ce Mamana ce za a kira ta tsaya da ƙafafunta." Ya gyara zaman hularsa. "Kullum in na zo zan faɗa miki, sai in ga kina dariya, in ce bari sai wani satin."

Na ce, "Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe tun Asabar. Kunya ce ta hana ni ɗaukar waya. Mutum yana so 'yarsa ta riƙa ganinsa a tsaye."

Na kifa kaina a sitiyari. Ya bar ni. Can ya ce in tayar, rana tana dukansa.

Alhamis, 18 ga Yuli, 11:30 na safe

Clara ta kira. Ta sake gwada manhajar ta kowace fuska, sun toshe da kyau. Ta ce Oga ya bar sunana a kan rahoton a matsayin wadda ta gano, ya kuma bar shafi na bakwai yadda na rubuta shi. Ta ce, "Teburinka shiru, ba mai girgiza mini shayi."

Baba ya ce ranar Asabar zai faɗa wa Umma. Ya ce in zo, amma in zauna a waje.

Asabar, 20 ga Yuli, 7:20 na yamma, Gwagwalada

Na zauna a kan turmi a tsakar gida. Minti arba'in suna ɗaki. Ban ji kuka ba, ban ji komai ba sai muryarsa ƙasa-ƙasa.

Umma ta fito ta wuce ni kamar ba ta gan ni ba. Ta shiga kicin ta ɗora ruwa, ta sauke, ta sake ɗorawa. Na bi ta. Ba ta juyo ba ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

"Sati biyu."

"Ranar da nake miki zancen 'yan fansho?"

"Eh, Umma."

Ta gyaɗa kai. "Ku biyun nan halinku ɗaya." Sai ta zauna a ƙasa, nan kan siminti, ta ja ni jikinta ta riƙe da ƙarfi har na ji zafi. Ta ce, "Wata biyu yana zuwa shi kaɗai a motar haya. Wa ke riƙe masa hula in za a auna shi?"

Da daddare ta yi masa kunun gyaɗa ta tsaya a kansa. Ya shanye tas, bai yi gardama ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, 10:00 na safe

Farouk ya yi kukan. Yana hanya ranar Juma'a.

Talata, 23 ga Yuli, 6:50 na yamma

An fara.

Awa huɗu ana ƙara masa ruwan maganin. Umma ta zo da jaka kamar mai tafiya Makka: bargo, filas, carbi biyu, dabino, man zafi. Lucy ta ce mutum ɗaya ake bari a ciki. Umma ta dube ni, na fita. Ta taga na riƙa hango su. Yana yi mata bayanin wani abu da hannun da ba allura, ita kuma tana gyara masa bargon da bai zame ba.

Da muka fito ya ce ba abin da yake ji, zai iya tuƙi ma. Na buɗe masa gaba, Umma ta ce a'a, baya zai zauna. Ba mu yi nisa ba barci ya ɗauke shi. A madubi na ga kansa yana gangarawa a hankali har ya sauka a kafaɗarta. Shekarata talatin, ban taɓa ganin ko hannunsu ya haɗu a gabanmu ba. Umma ta ga ina kallo. Ta ja mayafinta ta rufe masa gefen fuska saboda rana, ba ta matsa ba.

Da muka iso kwanar gidanmu na sa sigina. Ta girgiza mini kai, ta ce da raɗa, "Bar shi tukuna."

Na kashe siginar na miƙe. Muka bi ta bayan kasuwa, muka wuce tasha, muka zagayo ta wajen gonaki. Sau uku muka wuce ƙofar gidanmu kafin ya farka.